Babi na Biyar: Kowa da Gwaninsa

Duk wanda ya ɗan jima yana karatun dainaso, ko yana kallon hotunansu, sai ya wayi gari yana da gwani a cikinsu. Ba yara kaɗai ba. Masanan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen tonon ƙasusuwa a rana ma kowa da wanda yake karewa. Ire-iren da aka raɗa wa suna zuwa yau sun haura 1,000, amma waɗanda suka shiga zukatan jama'a ba su taka kara sun karya ba. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Ni ma ina da nawa gwanin, wata dabba ce mai faffaɗan baki da aka tono a hamadar Nijar, kudu maso gabas da Agadas. Kafin mu kai gare ta, bari mu ba manya haƙƙinsu, mu ga abin da ya sa ake son kowannensu.

Dole a fara da Tyrannosaurus rex, wanda duniya ta sani da T. rex, don shi ne sarkin farin jini. Wani mafaraucin ƙasusuwa mai suna Barnum Brown ne ya tono ƙwarangwal ɗinsa a jihar Montana ta Amurka a 1902, aka sa masa suna a 1905. Tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ya kai mita 12, nauyinsa ya haura na giwa, haƙorinsa mafi girma kuwa, in aka haɗa da saiwar da ke cikin dasashi, ya kusa santimita 30. Ba yanka nama kawai yake yi ba, har ƙashi yake farfasawa ya haɗiye. An tabbatar da haka ne daga wani kashinsa da ya daskare ya zama dutse, wanda aka samu a lardin Saskatchewan na Kanada cike da gutsattsarin ƙashin wata dabba. Ga kuma hannuwansa 'yan ƙanana, kowanne kimanin mita ɗaya da yatsu biyu, waɗanda har yau ake ja-in-ja kan amfaninsu.

Dalilin son T. rex a fili yake. Ɗan Adam yana jin daɗin tsoro matuƙar ya san abin tsoron ba zai iya cim masa ba, kuma shekara miliyan 66 tazara ce mai kwantar da hankali. Wannan ƙauna ta koma kuɗi tsababa. A 1997 an yi gwanjon wani ƙwarangwal da ake kira Sue, gidan tarihi na Field da ke Chicago ya saye shi a kan dala miliyan 8 da 'yan kai. A 2020 wani mai suna Stan ya tashi a kan dala miliyan 31.8.

A ganina kuwa, ba girman Sue ne abin kallo ba, tabban jikinsa ne. Haƙarƙarinsa akwai waɗanda suka karye suka ɗore. Ƙashin ƙwaurinsa ɗaya ya kumbura saboda ciwon da ya daɗe yana ci. A muƙamuƙinsa akwai ramuka da ake danganta su da cuta. Da aka yanka ƙashinsa aka ƙirga zoben girma, irin wanda ake gani a kututturen itace, sai aka ga ya yi kimanin shekara 30 a duniya, wato tsoho ne a cikin danginsa. Irin wannan ƙirga ta nuna cewa T. rex a shekarun samartakarsa yakan ƙara nauyin kilo biyu kowace rana. Da zarar mutum ya san waɗannan, dodon fim ya tashi daga gabansa, abin da ya rage dabba ce da ta yi yunwa, ta yi jinya, ta warke, ta tsufa. Tun daga nan nake auna kowane dainaso da tambaya ɗaya: nawa ƙashinsa ya iya gaya mana game da yadda ya rayu?

Wanda ba ya son mai cin zali yakan koma bayan Triceratops, mai ƙaho uku da faffaɗan garkuwar ƙashi a bayan kai. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita biyu. Lokacin da aka fara samun ƙahonninsa a 1887, masanin da aka kai wa, Othniel Marsh, ya ɗauka na wani ƙaton ɓauna ne, sai a 1889 ya gane kurensa ya ba dabbar sunanta. Zamani ɗaya suka yi da T. rex, ƙasa ɗaya kuma, kuma akwai shaidar sun haɗu: an samu ƙahon Triceratops da T. rex ya gatsa ya karya, sannan wurin ya warke. Ma'ana mai ƙahon ya tsira da ransa. Raunukan da ake gani a garkuwar wasu kuma sun fi kama da na karo tsakanin 'yan uwa, a kan mace ko a kan wurin kiwo.

Stegosaurus shi siffarsa ce jarinsa. Faranta-farantan ƙashi a tsaitsaye jere bisa gadon baya, ƙayoyi huɗu a wutsiya, ɗan ƙaramin kai a gaba mai ƙwaƙwalwar da ba ta kai giram 100 ba. Yaro ɗan shekara biyar zai iya zana shi kowa ya gane. Ƙayoyin nan ba ado ba ne, don an samu ƙashin wutsiyar wani maci-nama, Allosaurus, da huda daidai da kaurinsu. A littattafan yara akan zana Stegosaurus yana faɗa da T. rex, alhali ba su taɓa ganin juna ba. Stegosaurus ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Tazarar da ke tsakaninsa da T. rex ta fi wadda ke tsakanin T. rex da mu.

Velociraptor kuwa fim ne ya ɗaukaka shi. Jurassic Park da aka fitar a 1993 ya nuna shi tsayin mutum, fata tsirara irin ta ƙadangare, yana buɗe ƙofa da hannu. Na gaskiya, wanda aka fara tonowa a hamadar Gobi ta Mongoliya a 1923, nauyinsa bai fi kilo 15 zuwa 20 ba, tsayinsa iya ƙugun mutum ma bai kai ba, kuma gashin tsuntsu ne a jikinsa. A 2007 aka ga jerin ƙulle-ƙulle a ƙashin damtsensa, irin waɗanda manyan gashin fiffike ke kamawa a jikin ungulu. Wasu sun ji haushin wannan labari, wai an rage wa gwaninsu kwarjini. Ni ban ga ragi ba. Duk wanda zakara ya taɓa kora yana yaro ya san gashi ba ya hana dabba zafin kai.

Kuma babu fim ɗin da ya kai abin da ƙasa ta adana mana na wannan dabba. A 1971 wata tawagar haɗin gwiwa ta masanan Poland da Mongoliya ta tono ƙwarangwal biyu a sarƙe da juna. Velociraptor yana kwance a ƙasa, ya kafa lanƙwasasshiyar akaifar ƙafarsa a wajen wuyan wani maci-ganye mai suna Protoceratops, shi kuma wancan ya datse masa hannun dama da baki. Ana tsakiyar kokawa rairayi ya rufto musu, mai yiwuwa tudu ne ya zabtare. Shekara sama da miliyan 70 ke nan ba wanda ya saki wani. Mongoliya ta ɗauki wannan dutse a matsayin dukiyar ƙasa, kuma ta yi gaskiya.

A wannan hamada ne kuma aka yi wa wata dabba ƙazafi. A 1923 an samu ƙashinta kwance bisa sheƙar ƙwai, aka ɗauka ƙwan Protoceratops ne ta zo sata mutuwa ta riske ta, har aka sa mata sunan ɓarauniyar ƙwai, Oviraptor. Shekara 70 tana ɗauke da wannan suna kafin a 1993 a samu irin wannan ƙwai da ɗan tayi a ciki, aka duba aka ga ɗan danginta ne. Ba da jimawa ba aka tono wata 'yar uwarta zaune a tsakiyar sheƙa, ƙafafu a naɗe, hannuwa a baje bisa ƙwai, zaman kwanci sak. Ashe uwa ce, ko uba, rairayi ya binne a bakin aiki. Akwai mutane da dama da wannan labari kaɗai ya sa suka zaɓe ta.

Daga 1996, lokacin da wani manomi a lardin Liaoning na ƙasar Sin ya fasa dutse ya ga ɗan ƙaramin dainaso da gashi a jere bisa bayansa, irin waɗannan shaidu na kamanni da tsuntsaye suka yi ta kwararowa. An sa wa wannan suna Sinosauropteryx, kuma a 2010 aka gano launinsa daga ƙwayoyin launi da suka saura a gashin: ja-ja ne, wutsiyarsa da zobba-zobba. Yau masana sun haɗu a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dainaso, reshen da ya tsira lokacin da ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yucatan na Meziko ya kawo ƙarshen sauran. Mai son ganin ƙafar dainaso tana tafiya, ya tsaya ya kalli jimina ko zabo.

Akwai kuma wanda ake so don ya zo mana da kamanninsa cif. A 2011 wani direban motar haƙa a mahaƙar mai ta Alberta a Kanada ya ji bakin motarsa ya daki abu mai tauri da ba irin dutsen wurin ba, ya tsayar da aiki. Da ya ci gaba, da an yi asarar da ba ta da magani. Abin da ya samu dabba ce mai sulke, wadda ruwa ya ja gawarta zuwa teku, laka ta rufe ta da wuri. Wani ma'aikacin gidan tarihi na Royal Tyrrell, Mark Mitchell, ya share sama da shekara biyar, awa kimanin 7,000, yana ɓare dutsen da ke jikinta kaɗan-kaɗan. Aka sa mata suna Borealopelta markmitchelli a 2017 don girmama haƙurinsa. Fuskarta na nan, sulkenta na jere yadda yake tana raye, har abincinta na ƙarshe yana cikin tumbi: ganyayen ƙananan tsirrai, haɗe da ɗan gawayi. Gawayin nan ya nuna ta yi kiwo ne a dajin da gobara ta ci, inda sabon toho ya fito. Makiyayi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Masu son girma zalla su nasu gwanayen masu dogon wuya ne. Mafi girma da aka sani daga Ajantina suke, irin su Argentinosaurus da ya haura mita 30. Amma ƙwarangwal mafi tsayi da aka taɓa tsayarwa da ƙashi na ainihi ɗan Afirka ne. Giraffatitan sunansa, yana tsaye a gidan tarihin halittu na Berlin, kansa sama da mita 13 daga ƙasa. Daga tudun Tendaguru na kudancin Tanzaniya aka tono shi tsakanin 1909 da 1913, lokacin ƙasar tana hannun Jamus, 'yan shekaru bayan an murƙushe boren Maji Maji. Ɗaruruwan 'yan ƙasa ne suka yi haƙar, ƙarƙashin wani ƙwararren shugaban ma'aikata mai suna Boheti bin Amrani, kuma su suka ɗauki ƙasusuwa sama da tan 200 a ka da kafaɗa, tafiyar kwanaki a ƙasa, zuwa tashar jiragen ruwa ta Lindi. Ba na iya kallon hoton wannan dabba ban tuna da wuyan waɗancan mutane ba. Yaron Tanzaniya da ke son ganin ta a yau sai ya nemi biza.

Spinosaurus labarinsa ya fi kama da na ɓataccen ɗa. A kwarin Bahariya na Masar aka tono shi a 1912, masanin Jamus Ernst Stromer ya bayyana shi a 1915: maci-nama mai dogon baki, da ƙasusuwan baya masu miƙewa sama har fiye da mita ɗaya da rabi. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Stromer ya roƙi a kwashe ƙasusuwan daga birnin Munich, inda aka ajiye su, a ɓoye su, aka ƙi. A watan Afrilun 1944 jiragen Ingila suka yi ruwan bama-bamai a birnin, komai ya ƙone, sai zane da 'yan hotuna suka rage. Sai a wannan ƙarni, daga duwatsun Kem Kem na kudancin Maroko, Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka haɗa wani sabon ƙwarangwal. A 2014 suka nuna ƙafafunsa na baya gajeru ne, a 2020 kuma suka fito da wutsiyarsa, faffaɗa mai kama da ta dabbar ruwa. Har yanzu ana musu: shin nutsewa yake yi ya bi kifi, ko a bakin ruwa yake tsayawa ya cafko? Masoyansa ba sa jin haushin wannan musu, shi ne ma abin da ke riƙe da su, don duk bayan 'yan shekaru sai gwanin nasu ya sake kama.

Yanzu mu dawo gida.

Kimanin kilomita 170 kudu maso gabas da Agadas, a gefen Tenere, akwai wani fili da ake kira Gadoufaoua. Ba ruwa, ba inuwa, sai rairayi da baƙin dutse. Masu neman yuraniyom na Faransa ne suka kai labarin cewa ƙasusuwa na nan a warwatse bisa ƙasa, iska ta yaye musu rufi. Aka turo wani matashin masani, Philippe Taquet, ya yi ta zuwa daga 1965 har farkon shekarun 1970. Bayansa da shekaru Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya shigo da tasa tawagar. Abin da suka tono ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, wannan fili ƙasa ce mai manyan koguna, da kifaye, da dazuzzuka.

Daga nan Ouranosaurus nigeriensis ya fito, wanda Taquet ya sa wa suna a 1976. Maci-ganye ne mai tsawon mita bakwai zuwa takwas, bakinsa shimfiɗaɗɗe, babban yatsansa tsini ne, ƙasusuwan bayansa kuma dogaye, sun haura rabin mita. Wasu sun ce fata ce a shimfiɗe a kansu don sanyaya jiki, wasu sun ce tozo ne na ajiyar kitse. Daga nan kuma Suchomimus tenerensis, ɗan uwan Spinosaurus, mai tsawon mita 11 da baki irin na kada da ƙatuwar akaifa a babban yatsa, wanda aka samu a 1997. A cikin kogin kuwa akwai wanda ko dainaso ba ya sha ruwa a gabansa da sakaci, wato Sarcosuchus, dangin kada ne, ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Shi ba dainaso ba ne, ko da yake akan haɗa su a hira.

Can yamma, wajen Ingal, inda makiyaya ke taruwa da dabbobinsu kowace shekara a ƙarshen damina don lasar gishiri, duwatsun sun fi tsufa. A nan aka tono Afrovenator a 1993, sannan a 1997 aka samu Jobaria, mai dogon wuya, tsawonta kimanin mita 18, ƙwarangwal ɗinta kusan cikakke, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba a irin waɗannan manya. Ba baƙi ne suka fara ganin waɗannan ƙasusuwa ba. Abzinawan yankin sun san da su tun kaka da kakanni, suna danganta su da wata halitta ta tatsuniya mai suna Jobar, kuma su suka nuna wa masu bincike hanya. Daga bakinsu dabbar ta samu suna.

Mutumin Sakkwato ma yana da rabonsa, ko da yake nasa ba dainaso ba ne. A ƙarshen zamanin dainaso wani siririn teku ya ratsa Sahara ya rufe yankin Sakkwato. A duwatsun ƙasar Goronyo aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, aka sa masa suna Goronyosaurus nigeriensis a 1972. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ma a ƙarƙashin ruwan teku ta taru.

Abin da ke damuna shi ne, a tara yara a Kano ko Maraɗi ko Damagaram a tambaye su dainaso, wanda ya sani zai ce T. rex, dabbar da ba ta taɓa taka Afirka ba. Da wuya a samu mai ambaton Jobaria. Alhali gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da rumfar dainaso, kuma ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus na farko yana can. Na biyun yana birnin Venice na Italiya. Da yawa daga abin da aka tono daga baya an kai su Chicago don bincike, da alkawarin za su dawo, kuma an tsara gina musu mazauni a Yamai da Agadas. Ina fatan ganin ranar da za a cika wannan alkawari, don ƙauna ba ta shiga sai da gani.

To, ga gwanina: Nigersaurus taqueti.

Taquet ya ga gutsattsarinsa tun zuwansa na farko-farko, amma ba a gane ko wace irin dabba ce ba sai da tawagar Sereno ta samu ƙoƙon kai a 1997. Aka raɗa masa suna a 1999, sunan ƙasar da na Taquet a haɗe, aka kuma yi cikakken bayaninsa a 2007. Ƙasusuwansa ba su da wuyar samu a Gadoufaoua, wuyar ita ce a same su ba su ruguje ba. Wasu ƙasusuwan kansa saboda rashin kauri, in aka haska fitila ta baya sai hasken ya ratso. Ƙasusuwan bayansa kuma iska ta fi ƙashi yawa a cikinsu, don jakunkunan iska da suka taso daga huhu sun shiga sun rarake su, kamar yadda yake a jikin tsuntsaye. Sai da aka sa guntayen kan a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, aka jera su a kwamfuta, kafin a ga fuskarsa.

Dangin masu dogon wuya ne, amma shi wuyansa gajere ne, gaɓa 13. Tsawonsa mita tara, nauyinsa kwatankwacin na giwa. Ba ƙaho, ba sulke, ba akaifar yaƙi. In girma ake nema ko ban tsoro, ba shi da abin nunawa. Duk abin mamakinsa a baki yake.

Bakin nan ya fi sauran kan faɗi, kuma gabansa a miƙe yake sambal, ba lanƙwasa. Sauran dabbobi haƙoransu na bin gefen muƙamuƙi ne zuwa baya. Shi nasa gaba ɗaya sun taru a gaba, a layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan, sahu 68 a sama, 60 a ƙasa. Bayan kowane haƙori mai aiki akwai wasu a jere cikin ƙashi suna jiran layi, har zuwa tara. In aka haɗa duka sun haura 500. Da masana suka yanka haƙorin suka ƙirga layukan da yake ajiyewa kullum yana girma, sai suka ga kowane haƙori mako biyu kacal yake yi a bakin aiki, na bayansa ya ture shi. Ba a san wani dainaso da ya kai shi saurin sauya haƙori ba.

Me zai sa dabba ta yi ta zubar da haƙora haka? Abincinta ne. Ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke jikin haƙoran sun nuna a ƙasa-ƙasa yake ci, inda ganye ke haɗe da rairayi, kuma wasu tsirran bakin ruwa na wancan zamani suna da sinadarin yashi a jikinsu mai cinye haƙori. Filayen ciyawa irin namu ba su bayyana ba tukuna, don haka ƙananan tsirrai masu laushi yake bi. Ba ya tauna. Haƙoran sama da na ƙasa suna gogar juna ne su datse, ya haɗiye, tumbi ya ƙarasa aikin. Ƙashin cikin kunnensa, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ya sa Sereno ya ce yawanci bakinsa ƙasa yake kallo. Wasu masana sun ce yana iya ɗaga kai kamar sauran danginsa in ya so, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Amma a kan inda yake samun abinci babu saɓani.

Sereno ya kwatanta shi da saniya, kuma ban ga kwatancen da ya fi wannan ba. Wanda ya taɓa tsayawa a fadama da yamma ya ga garke ya sunkuyar da kai yana tafiya a hankali, ba abin da ake ji sai ƙarar tsinkar ciyawa, ya riga ya san yadda yinin Nigersaurus yake. Bambancin kawai, shi a bakin ruwan da yake kiwo akwai Suchomimus a tsaye, akwai Sarcosuchus a kwance, a tudu kuma akwai wasu maciya-nama biyu da aka tono a wurin, Kryptops da Eocarcharia. Da raunin ƙashinsa da rashin makaminsa, a tsakiyarsu ya yi ta hayayyafa har ƙasusuwansa suka zama cikin waɗanda aka fi tsinta a filin. An ma samu muƙamuƙin wani jaririnsa da bai daɗe da fita daga ƙwai ba, ƙanƙanin da zai zauna bisa kwabo, da 'yan haƙoransa a ciki.

Da awon da na ɗauka tun wajen Sue, Nigersaurus ya cika mudu har ya zuba. Daga kai guda wanda haske ke ratsawa an san abin da yake ci, da tsayin da yake ci, da yadda yake datsa, da kwanakin da haƙorinsa ke yi kafin ya faɗi. Dangin da ya fito daga ciki an samu 'yan uwansa a Kudancin Amurka da Turai, abin da ke tuna mana cewa a lokacinsa Tekun Atlantika bai gama raba Afirka da Brazil ba. Wannan rabuwar ƙasa, da yadda ta sa dainason kudu suka bambanta da na arewa, ita za mu bi a babi na gaba.